Ƙullin Inna Ba Zai Hau Jirgina Ba

Assalamu alaikum Anti Muniratu. Don Allah ki agaza min da shawara kafin Juma'a, gidanmu ya ɗauki zafi, ni kuma na rantse ba zan sauko ba.

Ni 'yar Tudun Fulani ce a nan Minna. Na karanta injiniyanci a jami'ar da ke Gidan Kwano, yanzu ina aiki da wani kamfani da ke taya sojoji kai kaya da jiragen nan marasa matuƙi. Namu ba sa jefa komai, 'yan dako ne kawai. Akwai sansanoni a daji da mota ba ta isa sai an yi asarar rai, ko nakiya a hanya ko kwanton ɓauna. Jirginmu ne ke kai musu jini da magani da batirin oba-oba da harsashi. Aikina awo. Duk abin da zai shiga jirgin sai ya hau sikelina na sa hannu, domin in aka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa batirinsa na iya ƙarewa a sama, ya faɗo da kayan a hannun waɗanda ake yaƙa.

Ƙanena Muttaka kofur ne a ɗaya daga cikin sansanonin. Wata biyar ba mu ji muryarsa ba, babu sabis a wurin. Don hankalin Inna ya kwanta na gaya mata jirginmu yana sauka inda yake. Ashe ruwa na ɓallo wa kaina.

Mu gidan 'yan reluwe ne. Kakanmu ya shekara talatin yana kai wa mutane saƙo a jirgin ƙasa tsakanin Minna da Kaduna, bai taɓa cewa a'a ba. Kawu Alfa, yayan Inna, da ya yi tuƙin babbar mota, shi ma haka. A gidanmu wanda ya ƙi karɓar saƙo marar mutunci ne. Sai Inna ta kwana biyu tana hidima. Ta yi dambun nama, ta daka yaji, ta aika aka sayo ƙuli-ƙuli a kasuwar Paiko, ta karɓo gorar rubutu wurin malaminta, ta ɗaure duka a tsohon zaninta ta miƙo min, wai in saka wa Muttaka a jirgin.

Na ce ba zai yiwu ba. Ta ce ai ba shi da nauyi. Raina ya ɓaci, na ɗauko sikelin da take auna fulawa, na ɗora ƙullin a tsakar gida gaban matan maƙwabta. Kilo uku da rabi. Na ce mata wannan nauyin jakar jini bakwai ne, ta zaɓi 'ya'yan mutane bakwai da za a bari su mutu don ɗanta ya ci dambu. Haka na faɗa, ba zan ɓoye miki ba, kuma lissafin daidai ne.

Yau kwana tara ba ta amsa gaisuwata, ba ta cin abin da na dafa. Ƙullin yana bakin ƙofar ɗakina, kullum sai na tsallake shi. Kawu Alfa ya zo ya ce in cusa shi ƙarƙashin kwalin kayan jirgin, wa zai sani, su a zamaninsu ko mota ta cika maƙil sai an sama wa saƙo wuri. Na ce masa mota in ta gaji tsayawa take yi a gefen hanya, namu faɗowa yake yi. Ya ce boko ya cinye min tarbiyya. Inna kuma ta aiko shi da cewa in Juma'a ta wuce ƙullin yana nan, in nemi wata uwar.

Anti, ni na goyi Muttaka. Wallahi da za a ɗora ni a jirgin nan in je in gan shi da na hau. Amma in na yi wa Inna yau, gobe uwar wani ce, jibi matar wani, kowa da ɗansa a dajin nan. Ba zan sa hannu a kan ƙarya ba, ba kuma zan ba da haƙuri a kan gaskiya ba. Sai dai shirun Inna yana cina, na rame. Ni ce mai laifi?

Mai Awo, Minna.

Wa alaikumus salam Mai Awo.

Kada ki cusa ƙullin nan, ko Kawu ya dawo sau goma. Amana ce a hannunki, kuma jinin da kike karewa wata rana Muttaka ne zai buƙace shi. A nan ina bayanki ɗari bisa ɗari. Ki kuma daina faɗin inda jirgi yake sauka, ko a gida, wannan kuskurenki ne na farko.

Na biyu ya fi shi girma. Kin auna ƙullin mahaifiyarki a gaban maƙwabta kamar kayan kasuwa, kin kuma ɗora mata mutuwar mutum bakwai. Ita ba ta san batir ba. Abin da ta sani shi ne wata biyar ba ta ciyar da ɗanta ba, ga hanya a hannun 'yarta, 'yar ta rufe. Gaskiyarki ba ta ba ki lasisin kunyata ta ba.

Ga abin yi. Gobe ki rubuta wa shugabanku a hukumance, ki nemi a ware ɗan wuri na wasiƙun iyalai, ga kowa da kowa, a duba a auna kamar sauran kaya. Takarda ba ta kai nauyin cokali ba, kuma sojoji sun fi mu sanin abin da wasiƙar gida take yi wa mutum a bakin daga. Jirgin ba ya dawowa da nauyin da ya tafi da shi, don haka ki roƙa a bar su su aiko da amsa. In an ƙi, kin yi naki ta ƙofa, ba ta taga ba.

Kafin nan, yau ɗin nan, ki ɗauke ƙullin daga ƙasa. Ki shiga ɗakinta ke kaɗai, ki durƙusa, ki ba ta haƙuri a kan bakinki, ba a kan aikinki ba. Ki yi mata bayani a hankali, ki ce ta faɗi abin da take so ta gaya wa Muttaka ki rubuta. Ko ta juya miki baya ki koma gobe. Uwar da ta ba da ɗa ɗaya ga daji, bai kamata ta ji ta rasa ta biyun a cikin gidanta ba.

Allah ya huci zuciyar Inna, ya tsare miki amanarki, ya dawo da Muttaka da 'yan'uwansa gida da ƙafafunsu.

Anti Muniratu