Ba Haɗiya Ake Ba

Litinin, 14 ga Yuli, 2008
Ofishin biza kuma. Mei yo, suka ce, wato babu. Saboda wasannin Olamfik ba a sabunta wa kowa sai mai takardar aiki daga kamfani. Shagunan kasuwar Tianxiu sai rufewa suke. In na koma Maraɗi yanzu, da me zan koma?

Alhamis, 17 ga Yuli
Laoban Chen, wato maigida Chen, mai shigo da giya daga Faransa a titin Huanshi Lu, yana neman mai jin Faransanci. Aikin: in sa kwat, in riƙe kofi gaban masu saye, in karanta musu abin da masanan Faransa suka rubuta kan wata jar giya ta Bordo. Shi kuma ya ba ni takarda.

Ilu, Bakanon da muke ɗaki ɗaya, na ce masa aikin tafinta na samu. Ai ba ƙarya na yi ba.

Asabar, 26 ga Yuli
Masanan nan ba su da aikin yi. Ɗaya ya ce tana ƙamshin fatar sirdi da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ba ta maki kamar 'yar makaranta. Wani ya ce "a rufe take", a jira ta shekara goma. Har wai tsawo gare ta, wato daɗewar ɗanɗano bayan ta bar baki. Ni dai sunsunawa kawai nake. Ɗinya na ji, da tsamiya, da shagon dukawa. Astagfirullah.

Laraba, 20 ga Agusta
Wani mai otal ya lura kofina ba ya raguwa. Ya yi wa Chen magana, suka dube ni. Bayan an watse Chen ya nuna mini bokitin azurfa da ke kan tebur: "Salihu, ba haɗiya ake ba. Masana tofarwa suke yi." Bai ambaci takardata ba. Ba sai ya ambata ba.

Alhamis, 21 ga Agusta
Na tofar. Na kurkure baki har dasashina ya yi ciwo. Tana ɗaure harshe kamar ɗanyen goro, daga nan sai ta saki, sai... Mai maganar sirdin nan bai yi ƙarya ba.

Matata Habsatou ta kira, ta ce tana sa yara addu'a Allah ya sa wa aikina albarka. Na ce layi ba kyau.

Talata, 2 ga Satumba
Azumi ya kama. Biza ta fito, ta wata uku. Sabuntawa a hannun Chen take. Na zaci zan yi murna. Ban ji komai ba.

Lahadi, 14 ga Satumba
Shan ruwa a ɗakin abincin A'isha, ni da Ilu. Ta kawo zoɓo mai sanyi. Ban san sanda na juya kofin ba, na cusa hanci ciki, na kurɓa, na riƙe a baki ina waigen bokiti.

Ilu ya ce, "Malam Salihu, me kake nema?"

Na haɗiye, na ce ba komai. Da aka tada salla bai tura ni gaba ba kamar yadda ya saba.

Zoɓon ba laifi. Gajere ne dai.