Ɗakin Gwaggo Talatu da amsar da na ba ma'aikacin ƙirga

Zuwa ga mahaifina Malam Isa, wanda ke kwance a makwancin gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uba, ina sanar da kai cewa ni Sabo, kafinta, mai shekara hamsin da huɗu, ni na rubuta wannan da hannuna. Ba wanda ya riƙe mini biro. A ajinmu na yaƙi da jahilci ni ne shugaba, kuma malaminmu ya shaida ba a fi ni kyan rubutu ba.

Baba, raina a ɓace yake, kuma a kan ƙanwarka ne, Gwaggo Talatu, wadda ka bar mini amana.

Gidan da take haya a Unguwar Shanu, magada sun sayar. Wanda ya saya zai rushe ya yi shaguna, ya ce bayan Sallah kowa ya kwashe kayansa. Ni ɗaki ɗaya gare ni, da mata da 'ya'ya biyar. Ina zan sa tsohuwar da ba ta iya tashi sai ta dafa bango?

An yi wata doka, mun ji ta a rediyo: wai kowace ƙaramar hukuma ta riƙa kai rahoton tsofaffin da ba su da muhallin da za su iya biya, da ɗakunan da aka tanadar musu. Sai aka turo ma'aikaci ya ƙirga. Gidan matan aure ne, bai shiga ba. Ya tsaya a ƙofa, a gaban dattawan da suka fito daga sallar La'asar, ya ɗaga murya yana tambaya ko akwai tsohon da danginsa suka kasa riƙewa.

Baba, a unguwar nan wa zai amsa wannan a bainar jama'a? Gwaggo ta ce daga bayan labule, "Alhamdulillahi, muna cikin rufin asiri." Ni kuwa na gyara hula na ce, "Mu ba ma barin tsoho a waje." Ya rubuta, na dangwala yatsa. A lokacin ban san bambancin baƙi da baƙi ba.

Makon jiya na ciro kwafin takardar daga akwati, na karanta da idona. A gaban sunanta an sa: ba ta da buƙata.

Na je ofishin ƙaramar hukuma sau uku. Wani yaro sa'an ɗana, ko kujera bai nuna mini ba, ya ce rahoto ya riga ya tafi, in jira ƙirgan baɗi. Baɗi! Su da ke kwana a bayan katanga a Unguwar Rimi, sun yi doka ba su tambayi kowa yadda ake tambayar tsohuwa halinta ba. Da mace suka turo ta shiga ɗaki ta zauna a tabarma, da ta ga bokitin da ake tara wa ruwan sama a gefen gado.

Yaron ofishin ya ce hanya ɗaya ta rage: a kawo takardar gyara, a bayyana cewa dangi sun kasa. Na gaya wa Gwaggo. Ta ce, "Ko a titi zan kwana, bakina ba zai ce ɗan yayana ya kasa ba."

Na tuna kai ma haka kake. Ranar da ba a ɗora tukunya ba, sai ka fita ƙofar gida kana sakace. Na koya a wurinka, Baba, kuma ga inda ya kai mu.

To, ita ba za ta faɗa ba, ni na faɗa. Na rubuta musu jiya, ga shi kuma ina maimaitawa a wannan wasiƙa da zan liƙa a bango, inda duk unguwa za ta karanta: ni Sabo ɗan Malam Isa, na kasa ba Gwaggona ɗaki. A sa sunanta.

Ka yafe mini, Baba. Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi, ya ba ƙanwarka inda za ta shimfiɗa tabarmarta kafin Sallah. Amin.

Ɗanka mai kewarka,
Sabo Kafinta