Saniyar Alhaji Buba da wuƙar Sale

Garwa, 9 ga Afrilu, 1977, bayan lisha

Na gaji. Saniyar Alhaji Buba ta haihu jiya, yau ta kasa tashi. Na ce masa sinadarin kalsiyom ne ya yi ƙaranci a jininta, shi ke ba tsoka umarnin motsi. A raina kuwa ban tabbata ba.

Sale mahauci ya tsuguna gefe da wuƙa, kada ta zama mushe. Na riƙa ɗura mata ruwan kalsiyom a jijiya sannu sannu, don in aka yi sauri zuciya tsayawa take yi.

Sale ya ce, “Likitan shanu, ka gama ko in fara?”

Alhaji ya ce, “Kai dai kwaɗayi ya kawo ka.”

Dab da la'asar ta miƙe, maraƙin ya kama nono. Sale ya mayar da wuƙarsa kube.