Da yaro ya ce salla ya tsaya, sai bakina ya mutu

Barkanku da warhaka 'yan uwa. Admin a taimaka a sakaya sunana. Don Allah shawara nake nema, na gaji da juya maganar nan ni kaɗai.

Ni Bahaushe ne Kirista, an haife ni a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Noman rani nake yi kamar kowa, da yamma kuma ni ne kocin ƙungiyar ƙwallon samarin garinmu. Duk 'yan wasana Musulmi ne, ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza, har tuwon salla ana kawo mana gida. Amma tun ina ƙarami Mama take ja mini kunne, wai mu 'yan tsiraru ne, kada a taɓa jin sunana a maganar da ta shafi addinin mutane. Da wannan na tashi, ya zauna mini a jiki.

Dokata ita ce a haɗu a fili bayan la'asar, wanda ya makara ya sha gudu. In yaro ya ce ban ruwan tumatir ya tsaya, tsare shi nake da tambaya, don na san ranar da ake sako wa kowane layi ruwa. Amma da ya ce "Koci, salla na tsaya," shi ke nan, sai in ce ya shiga. Yaran nan kuwa ba wawaye ba ne, tuni suka gano lagona. Gwaninsu shi ne mai ci mana ƙwallo, ɗan malamin Islamiyya, sai rana ta kusa faɗuwa zai taho yana taku ɗaiɗai. Masu yin sallarsu a kan lokaci su zo da wuri sun fara ƙorafi, wasanni kuma muna ta faɗuwa, don ana dawowa hutun rabin lokaci numfashi yake ƙare mana.

Shekaranjiya mahaifin yaron ya tare ni a bakin kanal ɗin ban ruwa. Ya ce tare suke salla da ɗansa, ana sallamewa yaron yake ficewa, wajen mai shayi yake zama. Ya ce ni ina ganin girmama su nake yi, alhali na koya wa ɗansa fakewa da salla yana ƙarya. Sannan ya tambaye ni, da yaron cocinmu ne ya ce mini addu'a ya tsaya, zan ƙyale shi ban bincika ba? Kunya ta rufe ni. Ashe abin da nake kira ladabi tsoro ne, a garin da aka binne cibiyata.

Na gaya wa Mama, ta ce yau uban ya ba ni dama, amma gobe in aka ce Kirista ya hukunta yaro don ya yi salla, wa zai bi gida gida yana bayani? Ita ma ba ƙarya ta yi ba.

Ranar Asabar muna da wasa. Kyaftin ɗina ya ce in na fara da yaron nan, shi da abokansa sun bar ƙungiyar. In ajiye yaron a benci in faɗi dalili a gaban kowa, ko in miƙa wa wani usur ɗin in koma gonata? Musamman ku 'yan uwa Musulmi, ku faɗa mini gaskiya: da ɗanku ne, za ku tsaya mini in magana ta tashi?