Dokarku Ce Ta Hana Woru Kife Garwarsa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Ayyukan Gari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ina kuma taya ka murnar samun mulkin kai, ko da yake an kwana biyu da yin bikin.

Ni ne Manu Maƙeri, jagoran masu kashe gobara na sa kai a garin nan namu na ƙasar Bagudo. Sau uku masinjanka yana zuwa maƙerata da takarda in sa hannu, sau uku ina mayar da shi. Ka ce in faɗi dalili. To ga shi na rubuta da ɗan bokona na yaƙi da jahilci, kuma zan sa a karanta a bakin kasuwa, don kada gobe a ƙara mini abin da ban faɗa ba.

Na ɗaya. Bari in gaya maka yadda muke aiki, ranka ya daɗe, tunda ban taɓa ganin ka a rumfarmu ba sai ranar ɗaukar hoto. Mu goma sha biyu ne. Mun haɗa kanmu tun shekarar da wuta ta cinye unguwar masunta har bakin ruwa. Kowa yana da garwarsa ta ɗiban ruwa, a jere cikin rumfa. A cikinmu akwai mutum uku masu shan burkutu. Biyu ba Musulmi ba ne, na ukun kuwa Allah Ya shirye shi, ba zan kama sunansa ba. Ni ban taɓa kai ta bakina ba. Haramun ce, kuma ban rubuto don in wanke ta ba. Amma da yake muna buƙatar hannunsu, sai muka yi ƙa'ida tsakaninmu: duk wanda ya san yau zai sha, ya biyo ta rumfa ya kife garwarsa. Ba mai tambayarsa, ba mai yi masa wa'azi a wurin. In aka buga ƙarfen kira, kallo ɗaya nake yi wa jerin garewani in san mutum nawa zan iya dogara da su. Mai kifaffiyar garwa ko ya zo, aikinsa jan ruwa a rijiya. Ba ya riƙe ƙugiya, ba ya hawa kan ɗaki. Shekara tara muna haka, ko targaɗe ba wanda ya taɓa yi.

Na biyu. Ana gab da biki kuka aiko aka shafa wa garewaninmu fenti kore da fari, aka raba mana huluna, aka manna takarda a ginshiƙin rumfa. Takardar ta ce duk wanda aka samu ya sha giya, ko sau ɗaya ne, an kore shi daga ƙungiya, kuma za a kai shi gaban alƙali. Na zo har zaurenka na durƙusa na gaya maka wannan doka ba za ta hana kowa sha ba, kife garwa kawai za ta hana. Wa zai kife garwa da hannunsa bayan ya san shaida yake bayarwa a kan kansa? Ka ce mini yanzu ƙasa ta dawo hannunmu, ba za a ji cewa garin Musulmi ya ba mashaya gurbi ba. Na sake komawa, aka ce kana taro.

Daga ranar ban ƙara ganin garwa a kife ba. 'Yan kwamitinka suka yi ta hamdala wai an daina sha, ita kuwa mai dafa burkutu a bayan gari ko tukunya ɗaya ba ta rage ba. Ni ma ina da nawa laifin a nan. Na san haka, na ja bakina na yi shiru, na kafa hulata kamar kowa. Wannan shirun yana cin raina har yau.

Na uku. Ranar kasuwar da ta wuce ta sama, bayan azahar, wuta ta tashi daga wurin bandar kifi, iska kuma tana kora ta cikin gari. Na buga ƙarfe, na dubi rumfa, garwa goma sha biyu duk a tsaye. Aikinmu a irin wannan shi ne mu sauke jinkar ɗakin da ke gaban wuta, don ta rasa abin kamawa. Ɗakin da ke gaba na Inna Hajo ne, tsohuwar da ke sayar da daddawa, bayansa kuma rumbunan unguwa ne a jere, cike da hatsin bana. Mai hawa mana ɗaki shi ne Woru, manomi ne, kuma ba mu da kamarsa a wannan aiki. Ya iso da gudu, bakinsa cike da goro. Ni na kira sunansa, ni na nuna masa ɗakin, ni na ce ya hau. Ya hau, ya yanke ɗaurin jinka, ya tura ta ƙasa muka ja da ƙugiya. A nan wutar ta tsaya. Wajen sauka ne ƙafarsa ta zame a inda ba ta taɓa zamewa ba, ya faɗo da ƙugu a kan turmi.

Sai da na sunkuya zan ɗaga shi na ji warin. Ya gane na ji. Abin da ya ce mini ke nan, a gaban mutane: "Baba Manu, da na kihe ta, da an kore ni." Da garwarsa a kife take, da yana bakin rijiya, da na tura wani ko na hau da kaina. Mun ɗauko maɗori daga Zagga, ya ɗaura abin da ke ɗauruwa, ya ce sauran sai Allah. Yau kwana goma sha ɗaya Woru bai iya tashi zaune ba.

Na huɗu, ita takardar. Na karanta ta sannu a hankali, na kuma sa malamin makaranta ya maimaita mini. Ta ce Woru baƙo ne mutumin Dahome, ya sha ya bugu, ya hau ɗaki ba da izinin jagoransa ba, don haka a mayar da shi ƙetaren iyaka. Ya sha, wannan gaskiya ne. A can aka haife shi, wannan ma gaskiya ne, kamar yadda aka haifi iyayen rabin masuntan garin nan a can. Amma a nan ya yi gemu, matarsa 'yar garin nan ce, 'ya'yansa uku a nan aka yanke musu cibiya, gonarsa tana kan hanyar Geza. Shekara tara yana hawa ɗakunanmu cikin hayaƙi, ba wanda ya tambaye shi garinsu sai da ya karye. Maganar rashin izini kuwa ƙarya ce, kuma ita ake so in sa wa hannu. Na san amfaninta. In Woru ya hau da ra'ayin kansa, ni na fita, dokarku ma ta fita, sai a rufe magana. Na gode da rufin asirin, ranka ya daɗe, amma ba na so.

Masinjanka ya ce in na ƙi, za a karɓe jagorancin a hannuna. A karɓa. Ba sarauta ba ce, garwa ce da ƙugiya, ƙugiyoyin ma ni na ƙera su.

Ga abin da nake roƙo. A janye takardar nan. A cire dokar da ke ginshiƙi, ko a gyara ta ta zama cewa wanda ya sha ya ɓoye shi ne mai laifi, wanda ya kife garwarsa kuwa a ƙyale shi da Mahaliccinsa. Wa'azi a bar wa liman, ya fi mu iyawa. In kuma sai an je gaban alƙali, a kira ni tare da Woru. Zan faɗi wanda ya tura shi, zan faɗi abin da ya sa ban san halin da yake ciki ba, zan kuma faɗi zauren da na durƙusa na yi gargaɗi.

Sannan ka sani, don kada ka ji a bakin wani: mun ɗauke Woru daga gidansa, yana kwance a ɗakin da ke bayan maƙerata, inda zan iya juya shi safe da yamma. Mutumin da ba ya iya zama ba zai taka zuwa iyaka ba, sai an ɗauke shi a kan gado. Mu goma sha ɗaya mun zauna mun yi magana, ba wanda zai kama ƙafar gadon. Na tambayi masunta, na tambayi masu rumbunan da suka tsira, amsarsu ke nan. In kwamiti ya nace, sai ku zo ku ɗauke shi da kanku da rana tsaka, ku bi da shi ta ƙofar Inna Hajo, don ita ce hanyar.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya ba ka mashawarta masu gaya maka gaskiya, Ya tsare gidanka da gidajenmu daga gobara.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Manu Maƙeri