Kalmomin da Aka Kai Rumbu

Dakoro, 6 ga Afrilu

Baban Nana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na haƙar zinariya. Yaya Jado, yaya zafi? Nana na gaishe ka. Haƙorinta na gaba ya fita, yanzu da hannu a baki take dariya.

Kawu Rabo ya ce daga yau duk takardar da zan aiko maka sai na karanta masa kafin in ba Abarci direba, to ga gaisuwarsa. An kai Innarka asibitin Maradi, an dawo da ita. Da sauƙi. Ta kwana biyu ba ta fito tsakar gida ba, amma ka san zafin bana. Fura ma kurɓa biyu take yi ta ture. Da sauƙi dai.

Bari in ba ka labarin lakwal, makarantar da nake koyarwa, tunda shi ne zan iya bayarwa da tsawo. Dirakta ya ɗora mini wasan kwaikwayon ƙarshen shekara, wai ni ce mai baki. Na kawo wa ƴan ajina wani littafin Faransanci, irin waɗanda marubuci ke ƙago ƙasa da shugaban da mulkin jikin mutane bai ishe shi ba, sai ya shiga cikin kawunansu. Shafi uku na karanta, rabin aji na hamma. Na rufe littafin na ce to mu ƙago tamu ƙasar da Hausa. A tamu, kowace ranar kasuwa mai shela na fitowa da ganga ya faɗi kalmar da gwamnati ta kai rumbu, daga ranar babu mai sake furta ta. Da yunwa aka fara. Yaran da ke hamma yanzu sai na kore su gida.

Ba na samun zama wuri ɗaya kwanan nan, na zama kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Ka kula da kanka.

Taka,
Mansura

Dakoro, 2 ga Mayu

Baban Nana,

Ina gaishe ka da kyau, ina tambayar lafiyarka da ta ƙafar nan da ka ce dutse ya buge. Amsarka ta iso, na karanta wa Kawu da Inna. Ka cika shafi guda kana yi wa wasana dariya, ka ce in ba mai shela babbar ganga. Na gode, sarkin ba da shawara. Sai a layin ƙarshe ka ce tunda jikin Inna da sauƙi za ka zauna har bayan damina. Na karanta layin nan sau biyu. Inna ta juya fuskarta bango ta ce Allah ya ba da sa'a.

Ran Juma'a da ka hau dutse ka samu rezo, layin waya ya kama, ka kira, ka ce muryarta ta yi ƙasa. Kawu ne ke riƙe da wayar, ka ji abin da ya ce maka. Ni ina tsaye bakin ƙofa.

Wasa ya yi nisa. Bayan yunwa an kai kalmar jiya rumbu, don kada wani ya ce jiya ta fi yau. Daga nan aka kai me ya sa. Wata ɗaliba mai taurin kai, Ramla, ta tsare ni da tambaya, wai in an ɗauke kalmar yunwa ai ciki ba zai daina murɗawa ba. Na ce mata ba zai daina ba, amma kowa zai ɗauka shi kaɗai ne cikinsa ke murɗawa, kuma mutum ɗaya ba ya tayar da gari. Da muka zo fitowa ta ƙarshe na ce a sa sojoji, yaran suka ƙi. Suka ce a lokacin an daina buƙatar soja, uwa ce ke toshe bakin ɗanta, maƙwabci na gyara wa maƙwabci magana. Na tashi aji tun kafin lokaci.

Zancen zama har bayan damina, ka sake dubawa. Hanya na lalacewa in ruwa ya sauka, shi ke nan abin da nake nufi. Kowa na gaishe ka.

Taka,
Mansura

Dakoro, 19 ga Mayu

Baban Nana,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, kuma ya sa kana zaune lokacin da kake karanta wannan. Ita ban karanta wa kowa ba. Da kaina na kai ta tasha na sa a hannun Abarci.

Inna ba ta da lafiya. Ciwon daji ne a hanta. Likitan Maradi ya ce a maida ta gida a riƙa ba ta abin da ranta ke so, kuma ka san ma'anar wannan. Tun Afrilu muka sani. Kawu ya tara mu ya ce ba a aika wa matafiyi mugun labari, hanyar Jado ba ta mai gaggawa ba ce, kuma kada wanda ya kira sunan ciwon a gidan nan, baki shi ke yanka wuya. Kada ka riƙe shi a zuciya. Inna ƙanwarsa ce, na sha ganinsa bayan ɗaki yana share ido da hannun riga.

Laifina nake son in faɗa maka. Ka san Kawu ajami kawai ya iya, ba ya karanta boko. Takardun nan biyu, da na so, da na rubuta maka gaskiya tsaf, in karanta masa wani abu dabam, har abada ba zai sani ba. Wallahi ko a raina abin bai zo ba. Na zauna ni kaɗai a ɗaki, babu mai leƙa kafaɗata, na rubuta maka wai da sauƙi, na je na karanta masa kalma da kalma kamar ɗalibar kirki. Ni da nake tsayawa gaban yara arba'in ina koya musu yadda ake yi wa mutane wannan.

Shekaranjiya Nana ta tambaye ni ko Inna mutuwa za ta yi. Kafin in yi tunani hannuna ya kai bakinta, har na fama mata wurin haƙorin nan, ta yi kuka. Inna ta ji daga ɗaki ta kira ni. Ta ce in bar yarinya, ita kaɗai ce ta yi mata magana kamar mai hankali cikin wata biyu. Ta ce ta san abin da ke jikinta tun kafin Maradi, ta yi shiru ne don ta ga mun fi son haka. Na tambaye ta ko in kira ka. Ta ce ita ba za ta iya cewa ka bar nemanka ba, amma akwai maganar da ta ajiye maka, kuma ba ta waya ba ce.

Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma ina jin haushinka kaɗan, don ka ji muryar uwarka ka yarda da bakin Kawu. Amma ni na rubuta maka, don haka laifina ya fi naka.

Abarci zai juyo ran Talata, na ce ya ajiye maka wuri a gaba. Kada ka tsaya sallama da kowa, kada ka jira a raba abin da kuka samu. Kuma don Allah kada ka hau dutse ka kira don ka tabbatar. Kawu ne zai ɗauka ya ce maka da sauƙi, Inna ma haka za ta ce. In ya miƙo mini wayar yana kallona, ban yarda da kaina ba, ni ma haka zan ce. Wannan takardar ka yarda da ita, ka taho.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka iske ta.

Matarka,
Mansura