Fitilun da Norihiko Ya Ɗaura

Juma'a, 1 ga Agusta

Zafi tun da sassafe. Saura kwana goma sha biyu bikin Bon, lokacin da matattu ke dawowa gida su kwana uku. Kowace shekara ni nake sauko da akwatunan fitilun takarda daga saman sito, in kakkaɓe su, in haɗa ƙafafunsu, in gwada ƙwan kowace. Bana gwiwa ta hana ni hawa, sai Chizuru matar ɗana ta sauko da su. Akwati shida, kowanne da sunan mamacin da aka kawo fitilar dominsa, da rubutun hannuna. Na mijina Shigeharu ne na ƙarshe, shekara tara ke nan.

Ta jera su a falo, ta tsaya tana murza hannu. Na san da magana a bakinta. "Mama, Gwaggo Fusae ta ce gobe za ta kawo farar." Na ce ta kawo mana, gidan wanta ne, wa zai hana ta shigowa da kaya?

Asabar, 2 ga Agusta

Fusae ƙanwar mijina ta kawo. Farar fitila, ba fure ba zane, irin wadda ake ratayawa a ƙofar gida a Bon na farko bayan mutuwa don kada sabon mamaci ya ɓata hanya, in an gama a ƙone ta. Ta ajiye a gabana ta ce, "Ta Norihiko ce, Yaya."

Na ce wa ya ga gawar ɗana? Jirginsa na kamun kifi aka samu ranar sha tara ga Disamba, inji na aiki, abincin ranarsa a ɗaure ko buɗewa bai yi ba. Mutum ne ba a samu ba. A watan Afrilu sun yi jana'iza da tulun zuba tokar gawa wanda ba komai a cikinsa, na zauna a wurin kamar baƙuwa.

Ga inda matsalar take. Ƙugiya ɗaya ce a ƙofarmu, soket ɗaya. A jikin ƙugiyar nan ne Norihiko ya fara ɗaura fitilun ado a farkon Disamba, 'yan ƙanana, shuɗi da fari, ya bi da su bakin rufi ta gefen da ke kallon tashar jirage. Tsokanata yake yi, wai gidana ne kaɗai mai duhu a layin. Na ce da an shiga sabuwar shekara ya kwashe mini tarkacensa. Ya ce, "Kar ki taɓa, Inna, ni zan sauke in na dawo." Ban taɓa ba. In za a rataya farar, sai an sauke nasa.

Fusae ta ce, "Agusta muke ciki fa. Gidanki ya zama kamar shagon kek, yara har suna nunawa da yatsa." Na ce su nuna, ba a gidan ubansu ake kunnawa ba. Ta sha mur, ta shanye shayinta, ta tafi ta bar mini kwalin a kan tabarma.

Lahadi, 3 ga Agusta

Na ƙirga fitilun Norihiko da almuru. Ɗari da ashirin, duk suna ci.

Talata, 5 ga Agusta

Na wuni kan fitilun takarda. Ta uwar mijina asu ya huda ta wuri biyu, na liƙe da ƙullun shinkafa. Ta Shigeharu, mai juyawa in ƙwan ya yi zafi, ta ƙi juyawa sai da na goge allurar da mai. Taurin kai irin na mai ita.

Abin da ban faɗa wa kowa ba zan rubuta a nan. Iskar gishirin tsibirin nan ba ta barin komai. Keke, ƙarfen ƙofa, igiyar shanya, shekara ɗaya ta gama da su. Amma fitilun nan na araha sun sha sanyin Janairu, sun sha ruwan Yuni, wata takwas, ko ƙwai ɗaya bai mutu ba. In ba yana nan da rai a wani wuri ba, me ke riƙe da su? An taɓa jin jiragen wasu ƙasashe sun tsinci mutum a ruwa. An taɓa ji.

Chizuru ce ta sa hannu a takardun ofis na shaidar mutuwarsa a Afrilu. Ban yafe mata ba, gara in faɗi gaskiya tunda ba mai karantawa. 'Yar birni, shekara goma sha ɗaya a gidan masunta amma ko bakin ledar shara ba ta iya ɗaurewa ba. Ta ci abinci, ta tafi aikinta a gidan kula da tsofaffi, ta dawo, ta kwanta. Ban taɓa ganin hawayenta ba.

Alhamis, 7 ga Agusta

Mun yi faɗa a kan abinci.

Ita ta fara, a hankali kamar yadda ta saba. "Mama, in ba a rataya ba, ta ina zai gane gida?" Na ce shekara arba'in da ɗaya yana gane gidan nan ba da farar fitila ba. Ta ce, "Kwana uku ne kawai. In an gama sai a mayar da nasa." Na ce ai a kwana ukun nan zai iya shigowa tasha ya ɗaga kai. Ta ce, "Mama, ni ma fa…" ba ta ƙarasa ba.

Sai na faɗi abin da bai kamata ba. Na ce sauri kike yi ne, ko akwai mai jiranki a birninku Fukuoka?

Ta ajiye tsinken cin abinci, ta wanke kwanonta, ta shiga ɗaki. Taliyar ta kumbura a cikin ruwan sanyi, na zubar. Kunya nake ji, amma ban iya bin ta ba.

Asabar, 9 ga Agusta

Gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Lahadi, 10 ga Agusta

Mun je share kabarin gidanmu. Ita ta wanke gefen dutsen da aka sassaƙa sunan Norihiko, ni na tsaya kan ciyawa. Na ƙirga da muka dawo, sun cika.

Litinin, 11 ga Agusta

Zan rubuta yadda abin ya faru bi da bi, ko kaina zai daina juyawa.

Chizuru ta tafi aiki. Iska ta kwance wayar fitilun a wajen tagar kicin, tana reto. Na ce wannan ba saukewa ba ce, gyara ne. Na jawo tsani, na hau taki uku, gwiwa na ƙara. Na kai hannu kan ƙusar da ke kusa, sai na ga ƙullin.

Ba nasa ba ne. Ƙullin Norihiko na sani ko a cikin duhu, irin na raga ne, ubansa ya koya masa tun bai kai tsayin tebur ba, ya ja sau ɗaya ya zauna daram. Wannan kuwa ɗaurin igiyar takalmi ne, an maimaita shi sau uku saboda tsoro. Na matsar da tsani zuwa ƙusa ta gaba. Haka. Ta gaba ma haka, har zuwa ƙugiyar ƙofa. Mutum ɗaya ne a tsibirin nan ke yin irin wannan ƙulli.

Na hau saman sito, ban ma tuna da gwiwa ba. A bayan wurin da akwatuna suke zama na ga rigar ruwansa a naɗe da wani abu. Na warware. Curin fitilu biyu. Ɗaya gishiri ya cinye shi ya yi baƙi, ga guntayen koren zaren raga a jikinsa, kowane da ƙullin Norihiko. Chizuru ba ta kwance su ba, gefe ta yanka don ƙullin ya zauna yadda ya bar shi. Na sauko da shi na jona a soket ɗin kicin. Ko ɗaya bai kama ba.

Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon lokacin ba, inuwar taga dai ta bar ƙafata ta koma bango.

Da ta dawo ta same ni da curin a cinya. Ta tsaya a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa. Na ce yaushe? Ta ce, "Fabrairu. Ranar da kika haye teku zuwa asibiti duba gwiwa." Rabi sun mutu da safiyar ranar, ta shiga jirgin da ya bi bayan nawa ta sayo irinsu, ta dawo ta ɗaura kafin in iso. Ta sake canza su karo na biyu bayan ruwan Yuni. Na ce don me? Ta ce, "Na ga kina ƙirgawa, Mama. Na ji tsoron ranar da za ki ƙirga su ƙi cika."

Na ce wato wata shida kina kallona ina wauta. Ta girgiza kai. "Ni ma nakan kalle su in na sauko daga bas. Na san ni na saya, amma nakan kalle su."

Sai ta fara kuka, a tsaye, ko jakar ba ta ajiye ba. Ashe tana yi, a gabana ne ba ta yi. Sai na ji bakina yana cewa shekara goma sha ɗaya a gidan nan ƙulli ya gagare ki. Ta yi wata irin dariya a cikin kukan. Na ce zauna, kin tsaya mini a ka.

Maganar Fukuoka, na ce mata bakina ne ya fi hankalina sauri. Iyakar abin da na iya ke nan.

Talata, 12 ga Agusta

Mun sauke su da safe kafin rana ta yi zafi. Ita a kan tsani, ni a ƙasa ina karɓa. Ba wani abu ba ne, watan guguwa ne, kuma da irin ƙullinta wata rana sai waya ta faɗo wa mutum a ka.

Ta ce a yanka da almakashi. Na ce a'a, kwance, ke kika ɗaura. Ƙusa ashirin da biyu, ta yi ta fama da farce. Na goge wayar da tsumma mai ɗumi, na naɗe ta a jikin kwali yadda ba za ta harɗe ba. Bakin rufin ya yi tsirara, sai farin layi inda rana ba ta taɓa fentin ba.

Da almuru ƙafata ta kai ni ƙofa da kanta. Na tsaya, na koma ciki.

Laraba, 13 ga Agusta

An rataya farar. Ni na ɗaura, ban yarda kowa ya taɓa ba. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

A falo mun kunna shidan a gefen teburin magabata, ta Shigeharu tana ta juyawa tana watsa furanni a bango. Da rana ta faɗi muka hura 'yar wutar tarba a ƙofa. Fusae ta zo, ta ɗaga kai ta kalli bakin rufi, ta kalle ni, ta ja bakinta ta tsuke. Karon farko ke nan a rayuwarta, na gode mata a zuci.

Chizuru ta durƙusa wajen wutar ta ce, "Sannu da zuwa." Ni kuwa na koma ciki. Na dai dafa kabewa da waken soya mai zaƙi, yadda yake so, na sa a ƙaramin kwano a kan tebur. Kabewar ce ta nuna, kar ta lalace.

Juma'a, 15 ga Agusta

Baƙi tun safe. Abokan sana'arsa sun zo su huɗu, sun kunna turare, sun zauna sun kasa kallona. Na ba su kankana. Ɗaya ya ce daga teku suna ganin fitilun gidanmu duk hunturu, har da su suke saita shigowa tasha. Na ce matarsa za ku gode wa.

Asabar, 16 ga Agusta

Ranar rakiya. Mun kwance farar da yamma, muka ƙone ta a cikin tasa a ƙofar gida. Na ɗauka za ta daɗe. Kafin in gyara tsayuwa takardar ta cinye, sai zoben waya ya rage. Chizuru ta riƙe mini gwiwar hannu, na bar ta, ƙasan wurin ba daidai yake ba.

Lahadi, 17 ga Agusta

Mun mayar da kaya. Kowace fitila an cire ƙafafunta, an kakkaɓe, an naɗe a takarda, an jefa kafur biyu a akwati. Na sa ƙwai na yau da kullum a soket ɗin ƙofa. Chizuru na tashi aiki ƙarfe bakwai, kuma matakalar nan ta gutsire a gefe.

Curin fitilu uku suka rage a kan tabarma, nasa da nata biyu. Kwalin da farar ta zo a ciki ba komai, kuma kwali ne mai kyau, asara ce a yar. Na sa nasa a ƙasa, ƙullin na kallon sama, na ɗora nata a kai, na jefa kafur duk da ba abin da asu zai ci a jikin waya.

Ta miƙo mini alƙalami ta ce, "Me za a rubuta, Mama? Fitilun ado?"

Na karɓa. Sauran shidan duk da suna a jikinsu, in aka bar wannan haka sai a ruɗe badi. Na rubuta Norihiko. Hannuna ya karkace a harafin ƙarshe, alƙalamin ne ba shi da kyau.

Ta hau ta ajiye shi kusa da na babansa. Wurin ne ya rage.

Yau ban ƙirga komai ba.